A Sake Auna Rijiyoyinmu Kafin Sanusi Ya Tafi

Zuwa ga Darakta na aikin auna ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin Badagishiri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na ajiye alli na koma garkar albasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi damuwata a fili.

Na ɗaya. Bana buronku, wato ofishinku, ya hana haƙa sabuwar rijiya a fadamarmu. A taron da kuka kira an gaya mana kwamfuta ta lissafa ruwan saman da ke nutsewa ƙasa, ta ce bai kai wanda muke ja ba. An kuma ce dabarar ta yi aiki a ƙasashen bakin teku. To, madalla. Ba ni da faɗa da kwamfuta, na koyar da lissafi shekaru da dama, na san abin da ka ba shi shi yake maido maka.

Na biyu. Ga abin da aka ba ta. Ma'aikacinku, mutumin kirki ne, ba ku ba shi abin hawa ba. Ranar kasuwa kaɗai yake samun motar da za ta kawo shi, sai bayan azahar yake isowa. Mu kuwa ranar kasuwa tun asuba muke tada injin ban ruwa, kowa na gaggawar gamawa ya tafi cin kasuwa. Rijiyar da aka tatse tas ita yake zura wa igiyar awo. Washegari da safe ruwan ya dawo, shi kuma yana buro. Ran nan a gabana ya auna tawa, na yi masa bayani, ya ce aikinsa ya rubuta abin da ya gani.

Na uku, kuma shi ne ke ci mini rai. Ɗana Sanusi ya yarda ya bar zuwa cin rani in na haƙa masa rijiya a filin da muka gada. Har ya yi irin albasa. Yanzu irin ya kusa isa dashe, abokansa na ta kiransa daga Legas.

Ba na roƙon a karya doka. Ku turo ma'aikacinku ya kwana a gidana, ya auna da safe kafin a tada inji, a ba kwamfuta awon, ta sake lissafi. In ta ce babu ruwa, na yarda, ni da kaina zan raka yaron tasha. Amma na tabbata ba za ta ce haka ba.

Ku hanzarta, ranka ya daɗe. In izini ya fito bayan Sanusi ya hau mota, ba ni da ƙarfin haƙa rijiya, ba ni kuma da wanda zan haƙa wa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama aikinka lafiya. Wassalam.

Malam Habibu, Badagishiri