Wasiƙu Goma Sha Tara a Cikin Gwangwani

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da hannuna na yi shi, kuma sai da na haura arba'in na fara riƙe biro.

Ina aikin guga a wani shagon wanki, shekara goma sha ɗaya ke nan. Maigidana direba ne, 'ya'yanmu uku. Da mai shagon ya ce daga yanzu sai ta banki zai riƙa biyanmu, maigidana ya ce mu buɗe asusu ɗaya ni da shi, tunda ban iya karatu ba, kada a cuce ni. Na ji daɗi. Ya kai ni, ya nuna mini inda zan dangwala yatsa, na dangwala.

Shekara uku da suka wuce ya bar kamfanin da yake yi wa tuƙi, ya sayi motar ɗaukar kaya tasa ta kansa. Ban tambayi inda ya samu kuɗin ba. Wata bakwai ta yi tana aiki, injin ya buga. Sai ya ce katin banki ya lalace, in roƙi mai shago ya koma biyana a hannu. Daga nan ya tafi wani gari mai nisa neman aiki. Sau biyu yake zuwa a shekara. In na kira shi, kullum yana kan hanya.

Bayan tafiyarsa wasiƙu suka fara zuwa daga banki. Mahaifiyata ta koya mini cewa mace ba ta buɗe takardar mijinta. Ni kuwa na san siffar sunansa kamar yadda na san takunsa a bakin ƙofa, don haka ina ganin layin farko sai in share ambulan da gefen zanina, in sa a gwangwanin biskit a saman kabad. Na hana yara taɓawa. In ya zo na miƙa masa, sai ya ce in mayar, talla ce kawai irin ta banki. Har alfahari nake yi ban ɓatar da ko ɗaya ba.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci na ranar Asabar. Bana kuma 'yar farina ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Abin da na tara ya kai rabin kuɗin, sai na je banki neman rancen sauran. Da kaina na cike takardar, Anti, na sa hannu da biro, ban ko kalli tawadar dangwale ba. Bayan mako guda ma'aikaciyar ta ce ba za a ba ni ba, wai sunana ya ɓaci a rajistar da bankuna ke dubawa, akwai bashin da aka daina biya. Na rantse mata ko allura ban taɓa ara ban mayar ba. Ta juyo mini da kwamfutar, ga sunana.

Na dawo gida na sauko da gwangwanin. A ƙarƙashin sunansa, a kowace ambulan, akwai layi na biyu. Sunana ne. Wasiƙu goma sha tara. Yini biyu na yi ina bin su da yatsa. Bashin motar ne, ta asusunmu ya ci shi, kuma tun daga ta huɗu suke gargaɗi da jan rubutu.

Na kira shi. Da na yi masa maganar bashin, sai ya ce zai kira ni. Yau kwana biyar.

Saura kwana ashirin da huɗu a rufe biyan kuɗin makaranta. Yarinyar ba ta sani ba, har ta sayi farin takalmi tana gwadawa a falo. A shago abokan aikina Uwar Likita suke ce mini, wai nan gaba ko allura sai na ga dama za a yi musu. Ina dariya, ina goge fararen rigunan ma'aikatan asibitin da ke kusa da mu. Yayana ba zan iya gaya masa ba, zai ce dama ya faɗa. Shin bashin nan yana kaina ne? Sunan da na sha wuya na koyi rubutawa zai wanku? Kuma me zan ce wa 'yata?

Mai Ajiyar Wasiƙu

Ƙanwata Mai Ajiyar Wasiƙu,

Rubutunki ya fita sarai, kada ki sake ba da haƙuri a kansa.

Zan faɗa miki gaskiya, ko da ɗaci. Aure shi kaɗai ba ya ɗora miki bashin miji, asusun haɗin gwiwa ne ke ɗorawa. A wurare da yawa, bashin da aka ci ta irin wannan asusu yana kan mutum biyun, kuma in aka daina biya, sunayen biyu ake shafa wa baƙi. Amma dokoki sun bambanta, kuma akwai tambayar da ba a amsa ba tukuna: yatsanki yana kan takardar buɗe asusu kawai, ko har da ta rancen? Ki ɗauki wasiƙun nan ki je bankin, ki nemi kwafin duk abin da aka ce kin sa wa hannu. Ki nemi kwafin bayananki na rajistar kuma. In ya zama ba ki sa hannu a rancen ba, ki kai ƙorafi a rubuce, ki nemi lauyan taimakon jama'a ya duba. In kuwa yana kanki, ki roƙi a tsara biya kaɗan-kaɗan, a kuma hana cire komai ko ƙara bashi sai da sa hannunku ku biyu. Ki buɗe asusunki ke kaɗai, a wani bankin dabam. Suna yana wankuwa, sai dai a hankali.

Kwana ashirin da huɗu ba za su isa wannan wanki ba, don haka ki raba matsalar biyu. Rabin kuɗin makaranta yana hannunki. Gobe ki je ofishin kuɗinsu ki tambaya ko za su karɓi rabi su ba ki wa'adi, ko su ajiye mata gurbin. Ki tambayi mai shago, wanda ya ga gumin shekara goma sha ɗaya, ko zai ba ki wani abu a kan albashi. Masu ba da rance ta waya cikin minti biyar kuwa, ko sallamarsu kada ki amsa.

Maigidanki ya yi laifi, ya ɓoye miki abin da ya shafi sunanki, ya bar ki kina gadin wutar da ke cin gidanki. Amma ki lura, kafin ya tafi sai da ya janye albashinki daga bakin ramin. Wannan ya fi kama da kunya fiye da mugunta. Ki tura masa saƙo a rubuce, gajere: kin karanta duka, ga ranar da za ki je banki, kina so ya zo ko ya kira. Ya zo ko bai zo ba, ki tafi.

Ki gaya wa 'yarki yau. Wadda za ta yi jinyar mutane ba za ta kasa ɗaukar wannan ba, kuma kina bukatar mai rakiya. Yayanki ma ki bar shi ya ce dama ya faɗa. In ya gama faɗa, ki tambaye shi nawa zai iya.

Mahaifiyarki ta koya miki ladabi, ba ta san wata rana ambulan za ta zo da sunanki a kai ba. In wasiƙa ta ashirin ta iso, ki buɗe ta tun daga bakin ƙofa. Allah ya warware miki, ya sa wata rana ki goge farar rigar 'yarki da hannunki.

Antinki