Kifin da Na Juya a Xiamen

Yaya Shufen,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, ina ba baƙi tarihin Xiamen a jirgin ruwan da ke zagaya gaɓa da faɗuwar rana.

Kwanaki muna cin abinci na juya kifi a faranti. Matuƙan jirgin suka zuba mini ido, don a wurinsu juya kifi kifar da jirgi ne. Tsoho Ang, shugabansu, ya ce, "Malam, cikin littattafan naka akwai na koyon iyo?"

Babu, Yaya. Na ce musu camfi ne, amma tun ranar ko jirgin ya ɗan karkata sai muryata ta ɗauke.

Kada Mama ta ji. Ki dai riƙa kunna mini turare gaban hoton marigayi Baba kullum da yamma, don ya kare ni.

Ƙaninki,
Wenli