Babur Mai Ƙafa Uku da Sandar Baba Zamani

Litinin, 7 ga Yuni, 1976
Babur mai ƙafa uku ya iso asibitin mishan daga Kafanchan, tayoyinsa ɓul-ɓul kamar kabewa. Ni aka ba, Afiniki ungozoma, saboda ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Sai murmushi nake ni kaɗai.

Alhamis, 10 ga Yuni
Andrawus makaniki ya koya mini a filin ƙwallo. In zan sha kwana, in danna matakin waje, in karkato ƙirji ciki. Kada in kuskura in sauke ƙafa kamar a keke, tayar baya za ta taka ni. Goyo kuma babu, ko Fasto ne, mutum biyu kifar da shi suke yi. Maza sun taru su ga faɗuwata. Haka suka watse.

Asabar, 19 ga Yuni
Na tarar da surukina, Baba Zamani, yana takowa daga kasuwa. Ya ɗaga sanda. A nan ko mai keke ba ya wuce dattijo bai goya shi ba. Na ce, "Baba, yi haƙuri, an hana." Na wuce. Ko inji ban kashe ba.

Lahadi, 20 ga Yuni
Bayan sujada na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi bango. Oho, gaskiyata ce.

Juma'a, 2 ga Yuli
Lucy, autar Baba, tana naƙuda a ƙauyen mijinta, bayan rafi. Ruwa tun safe, hanya ta zama kunu. A gangare babur ya sulale, ƙafata ta so sauka, na hana ta. Na isa. Cibiya ta naɗe wuyan jaririn, na warware. Namiji ne, da kuka mai ƙarfi. Na yi alfahari da kaina, ba ƙarya.

Talata, 13 ga Yuli
Wani ya yi wa babur rumfar ciyawa a ƙofar gidana. Mijina ya ce ba shi ba ne. Har yau Baba bai amsa gaisuwata ba. Abin yana cina.

Asabar, 24 ga Yuli
Hanyar kasuwa kuma. Baba bai ɗaga sanda ba. Na kashe inji, na sauka, na ɗora buhun cittarsa a kan kujera, ina turawa muna tafiya tare. Haka har muka kai bakin gidansa. Can ya ce, "'Yata, kin yi zufa. Shigo ki sha ruwa."

Man fetur nake tattali, shi ya sa na tura. Ba wani abu ba.