Adireshin da Ka Hana Jamari

Zuwa ga Yaya Cornelius,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Yolanda da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a can Seattle. Mu a Memphis muna nan yadda ka bar mu. Ƙafar Inna Pearline ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Yaya, ka cuce ni. Ka sani sarai da adireshin gidanka na bayan gari, wanda ka kulle ka tafi, na sa ɗana Jamari a makarantar can, tunda 'yan unguwar kaɗai suke ɗauka. A tamu ta unguwa yaro ya kai shekara goma sha biyu yana bin layin karatu da yatsa kamar ɗan aji biyu. Malamarsa ta ce kada in damu, wai yara maza irin namu haka suke, in gode Allah ƙanwarsa tana ƙoƙari. Irin namu! Baƙar fata, uwa mai goge-goge a asibiti, shi ke nan ta gama yanke masa hukunci. A can kuwa, cikin 'ya'yan fararen fata, aka ba shi malamar da ke zama da shi, har ya fara karanta min allunan kan titi idan muna cikin bas.

Sai mai binciken makarantar ya buga maka waya. Kai kuma, dattijon coci, ka ce babu yaron da ke kwana a gidan, ba za ka yi ƙarya ba. Da na kira ka, har da ce min in koya masa haƙuri. Sannu, mai gaskiya! Ka manta cewa da adireshin farar matar da Mama take yi wa guga ka yi naka karatun, har ka zama lauya? Ranar Juma'a suka sallame shi, suka karɓe littattafan laburare. Litinin zai koma inda ya fito. Kada ka aiko mana da kyautar Kirsimeti, wallahi zan mayar maka da abinka.

Ka gaida Yolanda da Maxine da ƙaramin Otis, su ba ruwansu. Jamari bai ce a gaishe ka ba. Ya dai ce in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimin gidanmu, ko karen da ya ɓata a labarin da aka karɓe a hannunsa ya koma gida, don bai kai ƙarshe ba.

Ƙanwarka,
Odessa