Ramuka Biyar a Takarda

Tremont, 6 ga Oktoba

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa gare ka da Anti Hamdatu.

Takardar gwajin bindigarka ta iso ranar Litinin. Ramuka biyar ne a jikinta, a warwatse, uku daga ciki dogaye, kamar harsashin a kwance ya shiga. A bayanta ka rubuta layi ɗaya: "Hannuna ya soma, irin na Baba." Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, na gane ba ka son a ji zancen a gida. Shi ya sa na rubuto.

Ban manta yadda makyarkyata ta raba Baba da farauta a Ningi ba. Na kuma san mai ɗibar jini a asibiti irinka da hannunsa yake aiki. Amma shekara goma sha ɗaya ina gyara rahotannin mutane, kuma ba na barin labari ya fita da shaida ɗaya. Na karanta abin da na samu. Rawar hannu tana kai harsashi inda ba a nufa ba, amma ba ta kwantar da shi. Me ka canja a bana?

Ƙanwarka,
Khairunnisa

Stapleton, 10 ga Oktoba

Malama Edita,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in dai lafiya ce mutum ya riƙa duban yatsunsa a cikin jirgin ruwa kullum safiya a hanyar zuwa aiki.

Ke da ba ki taɓa riƙe ko danƙo ba, yau ke ce za ki koya wa ɗan maharbi harbi? To, harsashi na canja. Bara na ji wa barewa rauni a dajin arewacin jihar nan, na bi jininta har la'asar ban same ta ba. Ba ta halatta gare ni ba, ba ta kuma tsira ba. Kin san maganar Baba: dabba ba ta tafiya da ciwonka. In naman babba ne, shi ƙara wa bindigar toka ɗuri yake yi. Ni ma sai na sayi mafi nauyin da ake sayarwa, na jan ƙarfe maimakon dalma.

Jiya na sami jijiyar wata tsohuwa a sukar farko, ta sa mini albarka. Na fita waje na zauna, don ban san ko sa'a ce ba.

Yayanki,
Jibrin

Tremont, 14 ga Oktoba

Yaya,

Barka da aiki. Ga abin da na tabbatar daga littattafai biyu da wani maƙerin bindigogi da na yi wa waya.

Bututun bindigar Baba sumul yake a ciki, kome aka ɗura masa zai tofar. Naka yana da tsagi a murɗe, shi ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Dogon harsashi yana bukatar murɗi mai sauri. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka mai nauyinsa dogo ne ƙwarai. Dabarar Baba ka ɗauka ka sa wa bindigar da ba irin tasa ba.

Ka naɗa tsumma a sandar goge bututu, ka yi mata alama, ka tura a hankali har alamar ta zagayo sau ɗaya, ka auna tsawon da ta shiga. Maƙerin ya ce in inci goma sha shida ne, murɗin bai yi saurin da harsashinka ke so ba; goma sha biyu yake bukata. Ko ka canja bututu, ko ka koma gajeren harsashi.

Wannan ya bayyana dogayen ramukan. Ba zan ce maka ya bayyana kome da kome ba. Ka ga likita, ka kuma gaya wa Anti.

Ka huta lafiya,
Khairunnisa

Stapleton, 29 ga Oktoba

Nisa,

Gaisuwa mai yawa. Sha shida cif. Sau uku na auna.

Na zaɓi sha biyu, an sa sabon bututun. Maƙerin ya so in ɗauki goma, wai ko nan gaba zan ƙara tsawon harsashi. Na ce masa ban san ko ina da nan gaba a wannan harka ba.

Hamdatu ta same ni da sandar da abin awo a falo. Na fara yi mata bayanin inci, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tun Ramadan nake ganin kofin shayinka yana rawa. Ina jira ne ka faɗa." Ita ta kira asibitin.

Asabar zan je filin gwaji. Ki yi mini addu'a, ba gyaran rubutu ba.

Jibrin

Stapleton, 3 ga Nuwamba

Nisa,

Salam. Ga takardar. Ramuka biyar, zagayayyu duka, kin yi gaskiya. Huɗu suna manne da juna. Na biyar yana can gefe, tazarar tafin hannu. Mai kula da filin ya ce iska ce. Ni ban ji iska ba.

Ana buɗe farauta nan da mako biyu. Na kulle bindigar, mabuɗin yana wajen Hamdatu. Likitan jijiyoyi zai gan ni ranar Talata, ƙarfe goma da rabi.

Yayanki,
Jibrin