Na Sami Fararen Kyarketan

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya ciwon gwiwar? Ina fatan Inna da Auta suna lafiya.

Albishirinka, na sami fararen kyarketan! Ka tuna farfesanmu ya ce in ba mu gano inda suke haihuwa kafin sanyi ya tsananta ba, za a rufe binciken, karatuna ya tashi a tutar babu. Su ba sa haƙa rami kamar 'yan'uwansu na daji, don a nan ƙarshen arewacin duniya ƙasa ta daskare da ƙanƙara, sai dai kogon dutse. Haka muka yi ta bin duwatsu har takalmina ya yage. Yatsun ƙafata biyu sun ɗan yi baƙi saboda sanyi, amma likita ya ce ba sai an yanke ba. Kada Inna ta ji, ta dai saƙa mini safa mai kauri.

Jiya ina hutawa a kan dutse sai ga uwar, fara fat, kunnuwa gajeru, baki guntu, 'ya'ya biyu na biye da ita. Na daji da ya ji warin mutum zai arce. Ita kuwa ba ta san bindiga ba, har jakata ta zo ta shinshina.

Abokin aikina ya raɗa mini, "Malama, ɗauki hoto mana, kin tsaya kuka."

Na ɗauka, Baba. Farfesa ya ce baɗi ni zan jagoranci tawagar binciken.

Ka gaya wa Kawu, mai cewa karatun karnuka nake yi, ya share bangon falonsa, hoton yana tafe.

A ci gaba da sa mini albarka.

'Yarka.