Tari a bayan muryata

Alhamis da dare, Kafanchan

Saura kwana huɗu jarrabawar Turanci ta baka, wadda sai na ci ta zan samu aikin nas a waje. Malam Danjuma da ke koya mana ya ce idan aka tambaye ni ko ina son ɗaukar hoton wurare, kada in haddace amsa, in yi maganar wurin da na sani.

Shi ya sa da yamma na hau okada zuwa tsohuwar gonar cittarmu a gindin dutse. Ba wanda ya noma ta tun rasuwar Baba. Na ɗauki hotuna, na kunna rikodin a waya, na yi bayanin wurin da Turanci. Yau kam ban yi in'ina ba, har na ji daɗi.

Da na dawo na kunna wa Yaya Rifkatu don ta ji ci gabana. Daidai inda na ce ba kowa a gonar yanzu, sai ga tari sau biyu a bayan muryata, kusa sosai. Ni kaɗai ce a wurin, na tabbata.

Yaya ta ajiye cokali. “Yesu! Sake kunnawa.”

Na sake. Irin tarin Baba ne sak, mai ɗan fito a ƙarshe.

Na ɗauki wayar na ce zan goge. Ta riƙe mini hannu.

“Kar ki goge, Ladi. Turo mini. Ba ni da muryarsa ko ɗaya.”